Kawuna da Ya Hana a Shimfiɗa wa Mai Rai Tabarma

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, dillalin fatu na Ƙofar Marke, ya koma ga Mahaliccinsa wata Talata da hantsi, bayan 'yar jinyar da ba mu ɗauke ta da zafi ba. Kafin azahar layin gidansa ya toshe. Na san za a taru, amma ban zaci irin waɗannan mutane ba. Majema da dukawa dai nasa ne, dole su zo. Sai ga tsofaffin akawuna, da direbobin gwamnati na da, da malaman makaranta, da masinjoji, mutanen da ko warin jima ba su iya tsayawa kusa da shi.

Wani dattijo mai gilashi ya kama hannuna ya ƙi saki. Ya ce, “Tsohon ga ya taɓa kunyata ni gaban duk Sakkwato. Allah shi saka mishi da Aljanna.” Baƙin da ke kusa suka dubi juna, don ba su gane ba. Ni na gane.

Can gefe guda Baba Kafinta ne, maƙwabcinmu Kirista da ya zo daga duwatsun Jos tun yana saurayi. Ya tsaya riƙe da hularsa har aka idar da sallar gawa, ya bi mu maƙabarta da ƙafa, yana kuka ba ya ko ɓoyewa. A hanyar dawowa na ji wani a bayana yana cewa ƙasa-ƙasa, “Ya tahi daidai lokacin da anka hi bukatatai.” Ban waiwaya ba. A makonnin nan ana ta rage ma'aikata a garin, kuma ni akawu ne a ɗaya daga cikin ofisoshin da ake cewa wuƙa ta kusa isa.

Ina rubuta wannan ne don kada a ce dillalin fata ne kawai ya mutu.

Gajere ne, mai saurin tafiya, kullum da baƙar laima wadda ban taɓa ganin ya buɗe ta ba, ko rana na tsaga kai. Sanda ce a wurinsa, da ita yake nuni, da ita yake buga ƙofa. Jikinsa warin bagaruwa, bakinsa ja da goro. In aka kawo masa fatar jar akuya, ba ya sauraron mai ita, sai ya ɗaga ta ga rana ya ga inda wuƙa ta ci. Rediyo kuwa bai taɓa shiga gidansa ba. Ya ce shi ba ya zama da abin da ke magana ba ya jin amsa.

Lokacin da kuɗin mai ya cika ƙasa, aka ba ma'aikata ariyas, wato ƙarin albashin watannin baya a dunƙule, garin ya haukace. Babura, rediyoyi, agogon hannu, kowa sai ƙyalli. 'Yan kwangila suka cika gari suna neman hannu, ofisoshi suna ɗaukar duk wanda ya iya riƙe biro. 'Ya'yan majema suka watsar da marina da majema suka sa wando da kwat. Ni ma a wannan guguwa na sami tebur. Na je da murnata na gaya wa Kawu, ina jiran ya sa mini albarka. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, “Rigar aro ta, ɗana. Sa ta, ta yi ma kyau. Amma kak ka yada taka.” Sannan ya ɗora mini ƙullin ɗanyun fatu a kai, da fararen kayana na ofis, ya ce in kai masa bakin kasuwa. Na yi fushi har na yi wata biyu ban taka gidansa ba. Ko a jikinsa.

Sai soja suka ce za su share aikin gwamnati. Wanda bai ga wannan zamani ba ba zai gane ba. Bayan labarai sai a fara karanta sunaye a rediyo, a ce an sallame su nan take. Ɓarawo da malalaci da tsoho da marar lafiya duk kwando ɗaya aka zuba su, saboda haka duk wanda aka kira, gari ya ɗauka ɓarawo ne. In lokacin labarai ya yi, sai ka ji unguwa tsit, har masu talla su yi shiru. Magidanta su kewaye akwati ɗaya, ba mai duban idon wani.

A nan muka ji sunan Baba. Mahaifina ɗan gidan malamai ne, ya yi aikin akawu tun zamanin En'e, ko allura bai taɓa kawowa gida daga ofis ba. Laifinsa tsufa da ciwon fuka. Ya miƙe daga gaban rediyon, ya gyara rawaninsa, ya ce, “Alhamdu lillahi ala kulli halin,” ya shiga gida.

Washegari Baffa, yayan Baba, babban malami a unguwarmu ta Ƙofar Rini, ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida don masu zuwa jaje. Ba da mugunta ya yi ba, haka ake yi. Jama'a suka yi ta zuwa, a zauna, a shafa fatiha, a ce, “Ya haƙuri? Allah shi musanya da mafi alheri.” Baba yana tsakiya, kansa a ƙasa, yana ji ana yabonsa yadda ake yabon mamaci. Mutumin kirki ne, ya taimaki jama'a, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Ranar da aka naɗe tabarmin ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofar ɗakinsa ya shiga.

Kawu ba ya gari, ya tafi ƙauyukan bakin iyaka sayen fatu. Da ya dawo ya ji labari, ko gida bai biya ba. Ina tsakar gida ya shigo, ya nufi ɗakin, ya buga ƙyaure da laimarsa.

“Malam, hito mu tai kasuwa.”

Daga ciki Baba ya ce, “Mi zan yi kasuwa?”

“A gan ka. Shi ke nan. A gan ka, ka gan su.”

“Bar ni, na gaji. In na huta ni hito.”

Kawu ya yi ta zuwa kowace safiya. Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya yi barkwanci, har ya ce zai kai ƙara wurin alƙali a raba auren ƙanwarsa da ƙyaure. Baba ya yi dariya daga ciki, amma bai buɗe ba. Ya daina zuwa masallacin unguwa, sannan ya daina zuwa Juma'a. Inna, mahaifiyata, kan ajiye abinci a bakin ƙofa ta dawo ta ɗauki kwano. Kullum da safe abin da take fara dubawa shi ne takalman nan, ko sun motsa. Ba su motsa ba, har zanzaro ya yi gini a cikin ƙafar hagu. Kafin damina ta zagayo muka fito da Baba a makara.

A zaman makokinsa aka yi rigimar da unguwa ba ta manta ba. Kawu ya zo ya tsaya a kan tabarmin nan, bai zauna ba. Ya nuna su da laima, ya dubi Baffa a gaban almajiransa manya da baƙi, ya ce, “Malam, wagga ta biyu ta. Ta hwarko kun yi mishi ita shina da rai.”

Baffa ya ce, “Ka ji tsoron Allah. Ajali na. Jaje kuwa haƙƙin musulmi na bisa ɗan'uwanai.”

“Ajali na, ban musa ba. Amma ɗanyar hwata in anka naɗe ta anka aje ɗaka, ruɓewa takai. Shanya ta akai, iska shi buge ta. Ni abin da nis sani ke nan.”

Baffa ya ɗauke kai. Daga ranar, in sun haɗu, sallama ce kawai tsakaninsu, ita ma don addini ya hana a wuce ta.

Tun daga nan Kawu ya ɗaura wa kansa wani aiki da ba wanda ya sa shi. Da ya ji an sallami wani, ko ya san shi ko bai san shi ba, washegari da sassafe yana ƙofar gidansa. In ya ishe tabarmi, sai ya sunkuya ya naɗe su da hannunsa, ko da mutane a kai, ya ce, “Ku tashi, ba a yi mutuwa ba gidan ga.” Sannan ya buga ƙofa har mai gida ya fito. Ya sa shi gaba, da ƙafa, ta babban titi, ba ta lungu ba, har cikin kasuwa. Rumfa rumfa, shago shago, sai ya tsaya ya ɗaga murya kamar mai cinikin fata: “An sallame shi! Ba sata yay yi ba. Ga shi, hannu biyu, ƙahwa biyu, lahiya lau. Wa ka so?”

Kai, abin ba daɗin gani. Manyan mutane masu furfura suna tafe a bayansa kamar ƙasa ta tsage su shige. Amma shi cewa yake, “Kunya in ka hito mata, yini guda takai ta ƙare. In ka ɓoye mata, ita ka binne ka.”

Baba Kafinta ya ba ni labarin tasa tafiyar ya fi a ƙirga. Kafinta ne a ma'aikatar gine-gine, aka kira sunansa, aka ce ya tashi daga gidan ma'aikata da gwamnati ta ba shi. Matarsa ta fara ɗaure kaya za su koma gida, ga yara suna tsakiyar karatu, ga shi rabonsa da garinsu tun yana saurayi, ba gona ba kango. Mutanen cocinsu sun zo sun cika falo suna addu'a, sai ga wani gajeren tsoho mai warin jima yana buga ƙofa. Ya ce shi ya ɗauka ma mahaukaci ne. Kawu ya ce masa, “Ɗauko gudumarka, Allah na jin addu'a ko kana tahiya.” Ya zagaya da shi kasuwa tun safe har rana ta take. A ranar ko ƙusa ba wanda ya ba shi ya buga. Amma ya ce da ya dawo gida ya ci tuwo ya ƙoshi, don ba sauran wanda zai ɓoye wa fuska a Sakkwato. Bayan 'yan kwanaki wani mai shago ya aiko a yi masa kanta, daga nan sai akwatunan amare, sai bencinan makarantun allo. Ya kama haya kusa da mu, bai koma Jos ba.

Ba kowa ya gode masa ba, kada in yi ƙarya. Wani babban jami'i ya sakar masa kare. Wani ya bi shi rabin hanya ya zille ta lungu. Akwai kuma waɗanda suka ƙi buɗe ƙofa kamar Baba, kuma in Kawu ya dawo daga irin waɗannan gidaje ba ya cin abinci. Aiki ma ba shi da shi da zai ba kowa, shi da ko shago bai mallaka ba. Wasu sun dace, suka zama masu awo, ko masu rubuta wa 'yan kasuwa lissafi, ko direbobin motar haya. Wasu har yau buga-buga suke. Amma suna nan, su ne suka toshe layin gidansa ranar Talatar nan.

Shekaru suka wuce, farar hula suka zo suka tafi, soja suka dawo. Wannan karon kuɗin man ya tsane. 'Yan kwangila suka kwashe injinansu suka bar gine-gine ba rufi. A ƙofar kowane kamfani an rataye allo, ba aiki. Ana layin sabulu da madara, da bulala a bayanka. Aka sake fara rage ma'aikata, kuma yanzu ba inda mutum zai faɗa, don kasuwar ma ta cika da waɗanda aka sallama jiya. A ofishinmu in masinja ya shigo da takarda, sai biro ya tsaya a hannun kowa har ya wuce.

Kawu ya tsufa, amma ya sake ɗaukar laimarsa. Wata rana yana tsakiyar kiran “An sallame shi!” wasu masu kaki suka tare shi, suka ce ba'a yake wa gwamnati. Suka sa shi tsallen kwaɗo a tsakiyar kasuwa, tsoho da furfurarsa, jama'a na kallo ba mai iya tari. Da na je duba shi na ishe gwiwoyinsa sun kumbura. Na ce, “Kawu, don Allah ka bari haka nan. Mutanen ga ba su san girma ba.”

Ya ce, “Kana zaton ban jin tsoro? Wallahi da nig ga bindigarsu, na ji shi. Amma na hi tsoron ɗakin ubanka.” Sannan ya dube ni yadda yake duban fata. “Kai ma jininai na. In taka ta zaka, kak ka tuɓe takalmi.”

Na yi dariyar yaƙe na ce ai yana nan, shi zai zo ya fitar da ni. Da gwiwoyin suka sace ya koma bakin aikinsa, kuma daga wata irin wannan tafiya ya dawo da zazzaɓin da ya kwantar da shi.

A rana ta biyu ta zaman makokinsa, bayan la'asar, ina zaune kusa da zaure ina karɓar gaisuwa. Baffa yana nan bisa buzunsa, shi ke jan addu'a, don duk abin da ke tsakaninsu bai hana shi zuwa ba. Sai ga abokin aikina da teburinsa ke kusa da nawa. Ya durƙusa ya yi ta'aziyya, amma ya ƙi duban idona. Ya ƙi tashi kuma. Na ce, “Lahiya?” Ya matso ya ce a hankali, “An yi na ohis ɗinmu yau. Da kai ciki.”

A hankali ya faɗa, amma a taron makoki ba a asiri. Na ga maganar tana tafiya daga kunne zuwa kunne har ƙarshen layi. Sai fuskoki suka fara juyowa wajena. Wani ya miƙo hannu ya ce, “Ashe abin biyu na. Ya haƙuri? Allah shi musanya ma da mafi alheri.” Wani ya ce, “Yaron kirki, ba a taɓa jin kanai da kowa ba.” Ina zaune a kan tabarma, kaina a ƙasa, kuma wallahi na ji muryoyin nan tun da can, a ƙofar gidanmu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne daɗin da na fara ji. Na ji ba abin da nake so irin in sami ɗaki mai duhu da sanyi in rufe ƙofa, in huta kaɗan.

Sai muka ji motsi a zaure. Inna ce. Matar da tun da nake ban taɓa ganin ta tsaya gaban taron maza ba, ta fito lulluɓe da mayafi, ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, “Ku gahwarce ni. A naɗe tabarmin ga.”

Wani ya ce, “Hajiya, ai gobe na addu'ar uku.”

Ta ce, “Yayana na, ciki guda. Na yi magana da matatai, ta yarda. Wanda za ya yi mishi addu'a shi yi mishi gida, tana iske shi. Na ba tabarma miji. Ban ba ta ɗa.”

Kowa ya dubi Baffa, don shi ne malami, shi zai ce ba a taɓa yin haka ba. Sai ya dafa bango ya miƙe, ya naɗe buzunsa, ya sunkuya da tsufansa ya kama bakin tabarmar da nake kai. Ya ce, “Tashi, ɗana.” Na tashi. Kafin magariba ƙofar gidan Kawu ƙasa ce zalla.

Ina so in ce daga nan tsoro ya sake ni, amma ba haka aka yi ba. Da gari ya waye na yi sallar asuba a ɗaki, ban je masallaci ba. Ɗakin Baba ne, ni na gaje shi. Matata ta yi sallama na ce ta ajiye koko a bakin ƙofa. Na ji tafiyar Inna ta zo ta tsaya, na san abin da take dubawa, don na tuɓe su a wurin. Na ce a raina yau kaɗai, gobe in fita. Mai buga ƙofa kuma yana kabari.

Sai na ji bugu. Ba ƙarar laima ba ce, ta fi ta nauyi. Ƙotar guduma ce.

“Ɗan Malam, fito mu je kasuwa.” Muryar Baba Kafinta.

Na ce, “Baba, na gode. Bari in ɗan huta.”

Ya ce, “Ni ba ni da aikin da zan ba ka. Shi ma ranar ba shi da aikin da zai ba ni. Tafiya ce kawai. Kuma ka san ni kafinta ne, in ba ka buɗe ba zan cire ƙyauren nan da hannuna.”

Na buɗe. Muka bi ta babban titi, yana gaba ina baya, duk wanda muka wuce sai na ga kamar ni yake kallo, kuma ni ɗin yake kallo. A bakin kasuwa ga masu kaki biyu a tsaye. Na ga wuyan Baba Kafinta ya jiƙe da gumi, ya buɗe baki murya ta ƙi fita. Ya yi gyaran murya, ya sake gwadawa, da Hausarsa ta Jos da shekaru ba su goge ba: “An sallame shi! Ba sata ya yi ba!” Daga rumfar masu fatu wani tsoho ya amsa, “Hannu biyu, ƙahwa biyu!” Aka yi dariya, wasu na share hawaye. Na ɗaga kaina.

Har yau da nake rubutun nan ban sami aiki ba. Na taka ƙofofi da yawa, allon nan dai nake ishewa. Yarana suna cin abin da ya samu, kuma tsoro bai bar ni ba, da shi nake kwana da shi nake tashi. Ya Allah, Ka jiƙan Kawu, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka buɗe masa ƙofa kamar yadda ya buga ta bayinKa, Ka haɗa shi da Baba a inda ba a sallamar kowa.

Kullum da hantsi Inna takan bi ta ƙofar ɗakin nan ta duba ƙasa. Ba takalmi. Sai ta wuce ta hura wuta.